Lauyan Kamfani Ya Dawo Bakin Ciniki

Yau maganarmu a kan wani mutum ne da ba kasafai kuke ganin fuskarsa ba, amma hannunsa na cikin duk takardar da banki ko kamfani ya miƙo muku ku dangwala: lauyan cikin gida, wanda kamfani ke biya albashi duk wata.

Mu a Zango mun san irin wannan aiki tun kaka da kakanni. Baƙo ya gangaro da shanu daga arewa, maigida ya sauke shi, ya haɗa shi da mahauci, ya tsaya masa in an ɗauki dabba bashi. In rigima ta tashi, a zaure ake kashe ta. Ko da aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar gari a 1977 aka mayar da shi Agwe, wannan amana ta bi mutanenta.

To, kamfani ma yana da nasa maigidan, shi ne wannan lauya. A da yana can ofishin baya, ba a tuna da shi sai an kai ƙara kotu. Yanzu kuwa shi ake fara tambaya tun ba a yi tayi ba. Shi ke rubuta sharuɗɗan bashi, shi ke cewa a yi hulɗa da wane, a bar wane.

Me ya kawo haka? Na farko, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka ƙulla a 1993. Yau ƙasashe 17 ke binta, har da Togo da Nijar da Benin da Burkina Faso, babbar kotunta kuma tana Abijan. Najeriya da Gana ba sa ciki. Ke nan motar da ta ɗauki kaya a tashar jirgin ruwan Lome za ta Kano, daga wata doka ta fito ta shiga wata. Banki irin Ecobank, da aka kafa a 1985 mai hedikwata a nan Lome, yana aiki a ƙasashen Afirka fiye da 30. Dole ya ajiye masu sanin dokar kowace ƙasa a cikin gida. Na biyu, dokokin hana halatta kuɗin haram. Su ne suka sa ake tambayarka katin shaida da asalin kuɗinka, ko da ka shekara ashirin kana ajiya a wurin.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Maigidan Zango yana cin la'ada, amma yana jin kunyar mai saye da mai sayarwa duka, don gobe ma a masallaci ɗaya za su haɗu. Lauyan kamfani ba mugu ba ne, sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfani yake karewa. In ya yi maka fara'a ya ce "Alhaji, sa hannu nan", ka karɓa da fara'a, amma ka ce sai an karanta maka.

Abu uku za ka sa a duba. Ina za a kai magana in an saɓa, Lome ko wata ƙasa? Me ka ba da jingina, mota ko fili ko kayan da ke cikin sito? Yaushe kaya ke zama naka, ranar ɗauka ko ranar gama biya?

Sannan a kula da wa'adi. In aka kawo maka takardar kotu ta umarnin biyan bashi, kwana 10 kawai doka ta ba ka ka ƙalubalance ta. A da 15 ne, gyaran 2023 ya rage. In ka tafi kiwo ko fatauci ka bar ta a aljihun riga, hukunci ya hau kanka.

Dokar ba ta manyan kamfanoni kaɗai ba ce. Gyaran da aka yi mata a nan Lome a Disamban 2010 ya ba ƙaramin ɗan kasuwa damar bayyana sana'arsa a rajistar kasuwanci ba tare da ya kafa kamfani ba. Ƙungiyoyin 'yan shanu da na direbobi kuma za su iya haɗa kuɗi su ɗauki nasu lauyan, kamar yadda ake haɗa kuɗin mota.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya tsare hanya. Sai wani makon.