Daga tabkin Damargu zuwa ruwan sanyi na Turai



Yaron Gangara ta Damargu ba ya sanin ruwa mai yawa sai da damina, sa'ad da tabki ya cika; amma idan neman ilimi ko na abinci ya kai shi Faransa ko Beljika, sai ya tarar da mutane sun mayar da nutso sana'a da nishaɗi, suna goya tulun iska a baya, suna shaƙa ta bututu, albarkacin na'urar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a 1943.

A ganina, bai kamata tsananin sanyi ya hana ɗanmu wannan fanni ba, domin kuwa a Faransa akwai tarayyar ƙungiyoyin masu nutso da aka kafa a Marsai tun 1948, wadda rassanta ke karantar da masu farawa a tafkin cikin gini da hunturu, kuma a Burusal akwai Nemo 33, mai zurfin fiye da mita 30, ruwansa da ɗumi.

Sai dai hattara wajibi ce. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, saboda haka mai shiga tsofaffin ramukan haƙar dutse da ruwa ya cika, lalle ya sa rigar da ba ta jiƙewa, ya nemi malami mai ijaza, kada ya nutsa shi kaɗai, kuma in zai taso ya taso sannu a hankali, yana dakatawa, har iskar da ta narke a jininsa ta fita.