Wa ake ɗauka ya duba ruwan da muke sha?



Abin da na zo da shi yau kamar ƙarami ne: yadda masana'anta ke ɗaukar mai duba ingancin kaya. Mutum guda ne, amma shi ke tsaye tsakanin inji da bakin ɗanka.

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani kamfanin ruwan leda. Da aka tashi ɗaukar mai duba inganci, mai gida bai yi sanarwa ba, bai gwada kowa ba. Ɗan ƙanwarsa ya kawo. Yaro mai ladabi, wallahi, amma bai taɓa awon ruwa ba. Aka ba shi farar riga da rajista. Ran nan cikin zafin Afrilu ciniki ya buɗe, dillalai sun yi layi a ƙofa, matata ta wuce lokacin canji, ruwa ya soma wari. Yaron ya ji, mu duka mun ji. Ya sa hannu, kaya suka fita. To yaya zai dubi kawunsa ya ce a kashe inji? Ni ma shiru na yi don gudun rasa abincina. Har yau abin yana ci mini rai.

Kada wani ya ce ai ruwa ne kawai. Mu ƴan jahar Maradi mun san Tibiri. Tun tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 mutanen garin suna shan ruwan famfo mai sinadarin fulor fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita, na Tibiri ya ninka haka. Ruwan garau yake a ido, amma yara suka tashi da haƙora ja da ƙafafu a lanƙwashe. Awo ne kaɗai ke gano irin wannan, kuma awon sai da mai yin sa.

Don haka ga abin da nake gani ya kamata mu nema daga masu kamfanoni, na ruwa ne, na man gyaɗa ne, na madara ne.

Na farko, a yi sanarwar aikin a fili, a gwada masu nema. Difloma kaɗai ba ta isa ba. A miƙa wa mutum kayan awo a ga hannunsa. Ya san yadda ake ɗibar samfuri? Ya san amfanin lambar rukuni da kwanan wata a jikin leda, waɗanda da su ake janye kaya daga kasuwa in an samu matsala? Sannan a tambaye shi: mota tana ƙofa, awo bai yi kyau ba, me za ka yi? In ya fara kame-kame, ba shi ba ne.

Na biyu, a ba shi iko a rubuce cikin kwantaraginsa ya tsaida kaya. Kada a sa shi ƙarƙashin shugaban masu sarrafawa, don wancan yawan buhunan da suka fita ake tambayarsa. Ba a bai wa kura ajiyar nama. Kuma kada kuɗin watansa ya rataya ga yawan ciniki.

Na uku, abin da ya rubuta ya zama akwai mai bin sa. Muna da hukumar ANMC mai kula da ƙa'idojin kaya, muna da ɗakin awo na LANSPEX a Yamai. A riƙa aika samfuri, a ajiye sakamako inda masu bincike za su gani.

Alhazanmu masu kamfani, ba faɗa muka zo yi da ku ba. Albashin ƙwararre guda bai kai asarar sunan da kuka yi shekaru kuna ginawa ba. Kuma leda ba ta san gidan wa za ta shiga ba, har naku tana zuwa.

Mu kuma masu saye, daga yau mu riƙa juya leda mu duba suna da kwanan wata. In babu, mu mayar wa mai shago, mu gaya masa dalili.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu.