Jawabi Ga Jama'ar Zango A Kan Ciwon Ƙashin Masu Wankin Ƙoda

Malam Liman ya umurce mu mu yi muku bayani game da 'yan'uwanmu waɗanda ake kai su wankin ƙoda a Korle Bu ko Komfo Anokye. Da yawansu suna kukan ciwon ƙashi da ƙaiƙayi, mutane kuwa suna cewa sanyi ne, ko sammu.

To, ga asalin abin. A cikin wuyan mutum akwai waɗansu 'yan tsoka guda 4, kowace kamar ƙwayar shinkafa, likitoci suna kiransu paratayirod. Idan ƙoda ta gaza, wani gishiri mai suna fosfet yakan taru cikin jini, kalsiyam kuma ya ragu. Sai 'yan tsokan nan su yi ta zuba ruwansu fiye da kima, shi kuwa ya riƙa jan kalsiyam daga ƙashi har ƙashin ya yi rauni, ya karye da sauƙi.

Alhamdu lillahi, akwai magani. Likita yakan ba da ƙwayar da ke kama fosfet a ciki, amma tare da abinci ake shan ta. Yakan ƙara da bitamin D ko sinakalset. In abin ya faskara, sai a yi aiki a cire tsokan.

Saboda haka muna roƙonku, masu zuwa dubiya, ku daina kai musu lemon kola da madarar gwangwani, gama fosfet ya yi yawa a ciki. Kada kuma a ba su jiƙo ba da sanin likita ba. 'Yan kasuwa, a taimaka da kuɗin gwajin jini.

Allah ya ba su lafiya, amin. Wasalam.