Sana'ar Zarto a Karkara: Ka Yi Lissafi Kafin Ka Yanka Kuɗi

  Yau hirarmu a kan itace take, da masu yanka shi, da yadda ake yanka kuɗin aikin. Muna magana musamman da mutanen Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin jihar Maradi, amma kowa zai tsinci abin amfani. Ku ɗauko littafi da alƙalami, don akwai lissafi a gaba.

DAGA INA ITACEN YA FITO?

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A waɗannan shekaru gonaki sun zama fili fetal. Iska ta kwaso rairayi ta rufe shuka, sai an sake shuka sau biyu ko sau uku. Mata na tafiya mai nisa neman makamashi, wasu kuwa da kara da kashin shanu suke girki.

A shekarar 1984, zamanin shugaba Saini Kunce, aka yi babban taro a Maradi a kan yaƙi da hamada. Kafin nan, a 1983, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya lura da wani abu a ƙasar Maradi. Tsirrai da muke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Tohon kututture ne, kuma saiwarsu na nan da rai cikin ƙasa. In manomi ya zaɓi toho masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama itatuwa. Wannan shi ne sassaben zamani.

Manoma suka rungumi abin, wani ya gani wajen wani. A garin Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutane sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata a ciki, har suka buɗe kasuwar itace ta kansu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

To, da itace ya dawo, sai sana'a ta biyo shi. Mai gona yana son dirka da ginshiƙi. Kafinta yana son falanki na ƙyaure, benci da tebur. Mai amalanke yana son katakon shimfiɗa. Ɗauko gungume zuwa birni yana da tsada. Saboda haka mai zarto ne ke zuwa inda itacen yake. Wani da zarton hannu na mutum biyu, wani da ƙaramin inji mai sarƙa, ya ɗora bisa amalanke ko babur, yana bin ƙauyuka. Da shi muke magana yau.

DA FARKO, IZINI

Ɗan'uwa mai zarto, kafin ka taɓa itace, ka tambayi abu biyu. Na ɗaya: wane ne mai shi? Na biyu: hukuma ta yarda a sare shi?

Ƙasarmu tana da dokar daji ta shekarar 2004. A watan Yuli na 2020 kuma gwamnati ta fitar da wata doka a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena cikin gonarsa. Amma wannan ba ya nufin kowa ya sari abin da ya ga dama. Akwai itatuwan da doka ta daɗe tana karewa, kamar gawo, maɗaci, giginya, goruba, tsamiya, kuka da aduwa. Ku je tare da mai itacen wajen ma'aikacin gandun daji na yankinku. Ku gaya masa irin itacen da inda yake, da kayan aikin da za ka yi amfani da su. Ku karɓi takarda. Yanzu da ka iya karatu, ka karanta ta da kanka, ka ajiye ta. Tarar rana ɗaya tana iya cinye ribar wata guda.

In gonar ta gado ce, ka tabbatar ƴan'uwa sun yarda. In itacen yana bisa iyakar gonaki biyu, a kira maƙwabci. Itacen da ya faɗi ba ya komawa tsaye.

BA A CINIKIN BIRI A SAMA

Wani zai same ka a kasuwa ya ce: "Malam, ina da dogon yaro babba, nawa za ka yanka mini?" Kada ka faɗi kuɗi nan take. Ka ce masa: "Sai na gani."

In ka je, ka duba abu biyar. Ka auna kauri da tsawon gungumen da igiya ko mita. Ka duba ko miƙaƙƙe ne ko tanƙwararre. Ka ƙwanƙwasa shi da bayan gatari: in ka ji yana amsawa kamar ganga, akwai kogo ko gara a ciki. Ka duba ko akwai ƙusa ko waya a jikinsa, musamman itacen cikin gari, don ƙusa ɗaya tana lalata haƙoran zarto. Sannan ka duba hanya: amalanke za ta iya isa wurin, ko sai an yi dako?

Ka sani kuma, itace ba ɗaya ba ne. Ƙirya tana da tauri ƙwarai, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita. Tana cin lokaci, tana cin mai, tana dakushe zarto. Kuɗinta ba zai zo ɗaya da na itace mai taushi ba.

Abu na ƙarshe, ka gaya wa mai itacen gaskiya tun farko: gungume ba ya zama katako duka. Ɓawo zai fita, gefe huɗu za su fita, garin katako zai zuba ƙasa. Sau da yawa ko rabin gungumen ba ya zama falanki. In bai ji wannan daga bakinka ba, gobe zai ce ka cuce shi.

YANZU SAI LISSAFI

Ku buɗe littafi. Kuɗin da zan faɗa misali ne kawai. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu. Ku tuna, dala ɗaya tamma 5 ce, jika ɗaya kuwa dala 200 ce.

A ce an kira ka aikin wuni ɗaya, a yanka dogon yaro guda. Ka rubuta abin da za ka kashe, layi-layi:

Man inji, lita 4: jika 2.
Baƙin mai: jika 1.
Amalanke, zuwa da dawowa: jika 2.
Ladan mai taimaka maka: jika 2.
Abincinku ku biyu: jika 1.
Kuɗin tsufan inji: jika 2.

Ku haɗa. Jika 10 ke nan.

Za ku ce, mene ne kuɗin tsufan inji? Ku saurara da kyau, don nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Inji ba ya dawwama. A ce ka saye shi jika 200, kuma kana sa ran zai yi maka aikin kwana 200 kafin ya gaji. Ka raba 200 gida 200. Kowace ranar aiki inji yana cin jika 1 daga ransa. Ka ƙara jika 1 don sarƙa, magagari da gyara. Shi ne jika 2 ɗin nan. Wannan kuɗi ba naka ba ne, na inji ne. Ka ware shi daban kowace rana, cikin asusu ko adashi. Wanda ya ci shi zai ga kamar yana samu, har ranar da inji ya tsaya cik, ya duba aljihu bai ga na sabo ba. Ranar nan sana'a ta mutu.

Mu ci gaba. Kai ma ka yi gumi, kana da iyali. Ka rubuta ladan kanka: jika 3. Jimla ta zama jika 13. Sai riba, wadda za ta tsaya maka ranar da babu aiki, ko ranar ciwo: jika 2. Jimla duka: jika 15.

Wannan jika 15 ita ce kuɗin aikinka. In an matsa maka ciniki, daga riba kawai za ka rage. In ka sauka ƙasa da jika 13, ka fara yi wa mutum aiki kyauta. In ka sauka ƙasa da jika 10, uwar kuɗinka kake ci. Gara ka yi godiya ka koma gida.

HANYOYI UKU NA YANKA KUƊI

Hanya ta ɗaya: kuɗin wuni. Ka ce wunina jika 15 ne, kome ya fito na mai itace ne. Wannan ta fi dacewa in ba ka amince da cikin gungumen ba.

Hanya ta biyu: kuɗin falanki. A ce ka auna ka ga za a samu falanki 20. Ka raba jika 15 gida 20. Kowane falanki ya tashi dala 150. Amma ka lura. In an buɗe gungumen aka tarar da kogo, falanki 15 kawai suka fito, to dala 150 sau 15 jika 11 ce da dala 50. Ka ga riba ta tafi, ladanka ma ya ragu. Don kuɗinka ya cika, da sai kowane falanki ya tashi jika 1. Saboda haka kada ka yi ƙidaya da fata. In idonka ya ce 20, ka yi lissafi da abin da bai kai haka ba.

Hanya ta uku: rabo. Lokacin bazara manomi sau da yawa ba ya da kuɗi a hannu, sai ya ce a raba katakon. A ce falanki ɗaya yana sayuwa jika 1 da rabi a kasuwa. Falanki nawa ne za su ba ka jika 15? Goma. Watau rabin 20. Amma ka tuna, kai za ka biya kuɗin kai su kasuwa, kai za ka jira mai saye. Kuma kada a ba ka na gefe masu ɓawo, mai itace ya kwashe na tsakiya. A yi zaɓe ɗaya-ɗaya, shi ya ɗauka, kai ka ɗauka.

A RUBUTA, A SA HANNU

Ga amfanin karatun da kuke yi. Da, magana ce kawai, gobe kowa ya tuna abin da ya yi masa daɗi. Yanzu ka ɗauki takarda ka rubuta: ranar aiki, irin itacen, yawan falanki, da awonsu. Misali: tsawo mita 2, faɗi santimita 20, kauri santimita 3. Ka rubuta kuɗin da aka yanka, da kafin alƙalami da aka ba ka, da saura. Ka rubuta wanda zai ɗauki rassa da ɓaraguzai, don su ma kuɗi ne, mata na sayen su don girki. Ka rubuta wanda zai biya in ƙusa ta lalata sarƙa. Ku sa hannu gaban shaida, kowa ya riƙe tasa.

Ka nemi kafin alƙalami da zai biya mai da amalanke. In ka karɓa kuwa, ka zo ranar da ka ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A karkara sunan kirki shi ne tallarka.

BAYAN AN YANKA

Ɗanyen katako yana ƙanƙancewa, yana lanƙwashewa, yana tsagewa. Ka koya wa mai shi yadda zai busar da shi. A jera cikin inuwa, ba cikin rana ba. A ɗaga daga ƙasa bisa duwatsu saboda gara. A sa ƴan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa. A ɗora nauyi a sama. In an yi ƙyaure da ɗanyen katako ya buɗe baki, sunanka za a kira, ba na rana ba.

Ka kula da lafiyarka. Kada ka yi aiki kai kaɗai. Ka kori yara da dabbobi kafin itace ya faɗi. Ka sa takalmi mai rufi, ka kare idonka, ka bar babbar riga a gida. Ka kashe inji kafin ka zuba mai. In ka gaji, ka huta. Yatsa ba shi da toho.

KA BAR NA GOBE

Inji yana kayar da itace cikin ƴan mintoci, itacen da ya yi shekara ashirin yana girma. In masu zarto suka yi haɗama, za mu koma gidan jiya: iska, rairayi da yunwa. Kai ma sana'arka za ta ƙare, don zarto ba ya yanka fili. In datse reshe zai biya bukata, kada ka kayar da uwa. Ka bar gawo cikin gona, shi ne takin talaka da abincin dabbobi. In ka sare, ka bar kututture mai kyau da zai yi toho, ka roƙi mai gona ya rene shi. Ranar 3 ga Agusta ta daɗe tana zaman ranar dashen itatuwa a ƙasarmu. Mai ci daga itace ya kamata ya riga kowa fita.

TAMBAYOYI

Ku tattauna waɗannan tare da malaminku:

1. Waɗanne abubuwa biyar za ka duba kafin ka yanka kuɗi?
2. In kuɗin aiki jika 18 ne, falanki 12 suka fito, nawa kowane falanki ya tashi?
3. Don me ake ware kuɗin tsufan inji?
4. Waɗanne itatuwa ne a garinku ba a sarewa sai da izini?

Jama'a, nan za mu dakata. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka cikin sana'armu. Sai mun sake haɗuwa. Ku huta lafiya.