Daga Kano Zuwa Jidda: Awa Biyar A Sama, Bakwai A Agogo

A jawabin da ya gabatar wa maniyyata, Malamin ya ja hankalin 'yan uwa kan lissafin tafiyar jirgi, wanda ya ce rashin saninsa na sa alhazai rasa Salla a kan lokacinta.

Ya ce daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,400 ne, tafiyar kamar awa biyar. Hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru kafin su ga teku.

To amma, in ji shi, gabas ake nufa, kuma agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Saboda haka wanda ya tashi Kano ƙarfe 12 na rana, ƙarfe 7 zai sauka Jidda, rana ta faɗi ko tana dab da faɗuwa. Azahar da La'asar duk a sama suka same shi, shi kuwa yana duba agogon hannunsa yana cewa da saura!

Ya ƙara da cewa ko awa biyar ɗin ba tabbas ba ne, don a 2023 da yaƙin Sudan ya ɓarke aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye. Ya nemi kowa ya hau da alwalarsa, ya kuma tambayi malamai hukuncin haɗa Salla tun yana sansanin alhazai.