Mu zana gonarmu, mu kula da kayan zane

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Saye Sabuwa

Kun koyi baƙi, kun koyi lissahi. Yau maganarmu bisa zane take. Duk wanda ya iya rubuta sunansa yana iya ɗora gonarsa bisa takarda.

Mi ya sa za mu zana gona?

A jihar Maraɗi mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance. Iyakar da muka gada ita ce gamba, ko kalgo, ko gawo. Gamba tana mutuwa. Ice ana sare shi. Tsohon da ya san wurin yana rasuwa. Sai ƴan uwa su kai juna shari'a saboda taki biyar.

A shekarar 1993 gwamnati ta yi dokar karkara, wadda ta kawo komitin kula da gonaki da makiyaya, wato Kofo. Akwai Kofo a Gidan Rumji, akwai a komin, akwai kuma a ƙauyuka da yawa, inda maigari ke shugabancinta. A can ake neman takardar shaida ta saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Zanenku ba zai maye wannan takarda ba. Amma wanda ya zana gonarsa ya san abin da zai sa ma hannu.

Kayan aikin

Na 1, kireyo, wanda ake ce ma fensir a Najeriya. Ku duba jikinsa. Mai HB shi ne matsakaici. Mai 2H ya hi tauri, layinsa siriri ne, shi ya hi kyau ga zane. Kada ku fara da bik, don ba ya goguwa.

Na 2, gom, abin goge kuskure.

Na 3, regil mai santimetir 30. Kowane santimetir an raba shi gida 10. Kowane gida shi ne milimetir.

Na 4, ekar, mai kusurwa uku. Ɗaya kusurwar tasa daidai take da kusurwar takarda.

Na 5, kwamfa, mai ƙafa biyu: ɗaya allura, ɗaya kireyo.

Na 6, igiyar awo mai metir 10, da ƙulli a kowane metir.

Yadda ake yi

Gona ba ta shiga takarda sai an rage ta. Mu ce kowane metir 10 na gona, santimetir 1 ne bisa takarda. Ekta guda, wato metir 100 tsawo, metir 100 faɗi, zai zama santimetir 10 kowane gehe.

Gona mai kusurwa huɗu, ku auna gehenta huɗu. Sannan ku ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ku auna. Misali kun samu metir 100. Ku ja layi mai santimetir 10. Gehe ɗaya metir 80 ne: ku buɗe kwamfa santimetir 8, ku kafa allura a bakin layin, ku ja baka. Gehe na biyu metir 60 ne: ku buɗe santimetir 6, ku kafa a ɗaya bakin, ku ja baka. Inda bakan nan biyu suka gamu, nan kusurwar gona take. Haka za ku yi wa ɗaya rabin. Ku rubuta gabas, da sunayen maƙwabta, da ranar awo.

Yanzu ku saurara da kyau. A wannan zane, milimetir 1 metir guda ne cur a gona. Kuskuren milimetir 2 a iyaka mai metir 100, kunya biyu ne na hatsi ko hiye. Kayan zane in sun lalace, ƙarya suke yi, mai su bai sani ba.

Yadda ake kula da su

Regil da ekar: na roba rana tana lanƙwasa su, na katako laimar damana tana karkata su. Ku ajiye su kwance, a inuwa. Kada a bugi yaro ko jaki da su. Kada a bi bakinsu da reza. Ga gwajin regil: ku ɗiga ɗigo biyu, ku haɗa su da layi, ku kihe regil, ku sake ja. In layi ya zama biyu, regil ya karkace, a bar ma yara.

Kireyo: in ya faɗi ƙasa, bakin yana karyewa daga ciki. Ku hiƙe shi a hankali, tsininsa kamar ƙaya. Kada a tauna shi, kada a sa mishi yawu.

Gom: rana tana busar da shi. In ya yi dauɗa, ku goga shi bisa tsumma mai tsabta. Ku naɗe shi a takarda, don in ya daɗe jingine da regil na roba yana manne mishi.

Kwamfa: maƙiyinsa tsatsa. Ɗigo guda na man keken ɗinki a gaɓarsa ya isa. In gaɓar ta saki, ku ɗaure kusar. Allurarsa ba ta cire ƙaya ba ce.

Igiya: ta rama tana miƙewa da ja, tana takurewa in ta jiƙe. Kahin kowane awo ku gwada ta da metir na magini ko na tela.

Takarda: gara da ɓera da ɗigon ruwa ke cin ta. Ku wanke hannu kahin zane. Ku ajiye ta cikin akwatin ƙarhe, bisa dutse, nesa da bango.

Ba dole kowa ya saye nasa ba. Ku yi karo-karo, ku saye na makaranta. Ku zaɓi mutum ɗaya mai amana ya riƙe akwatin, da littahin rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya maido.

Aikin wannan mako: kowa ya auna hilin gidansa, ya zana, ya kawo wa malam. A gida, metir 1 shi ne santimetir 1. Bayan girbi sai mu hita gonaki tare da maƙwabta, don awon iyaka ba a yin sa a ɓoye.

Allah ya ba mu damana mai albarka, da zaman lahiya tsakaninmu.