Kwalekwalen Ƙarshe: Jawabi Ga Ɗalibai Masu Shirin Yawon Hutu A Kan Ruwa

(Wannan shi ne jawabin da aka yi wa ɗalibai 'yan hutu a Kamazou, kudancin Kaduna, sa'ad da suke shirin yawon buɗe ido zuwa Yawuri da Tafkin Kainji.)



An roƙe ni in yi muku magana a kan tafiyar da kuke shiryawa. Na ga takardar lissafinku: kuɗin mota, na abinci, na masauki, har da na ɗaukar hoto. Lissafin ya yi kyau, sai dai akwai abu guda da ba a sa masa kuɗi ba, watau kwana ɗaya na rara, wanda ba a tsara kome a cikinsa ba. A kan wannan kwanan zan yi yawancin maganata, domin a ganina shi ne ke raba mai iya cewa "ba zan shiga ba" da wanda dole ta tura shi cikin kwalekwalen ƙarshe.

Mu da ke zaune a wannan ɓangare mun saba da Kogin Kaduna har mun daina ganinsa. Kullum muna haye shi ta kan gada, da rani mu ga duwatsu da yashi, a watan Agusta da Satumba mu ga ya cika ya batse. Amma ganin ruwa daga kan gada daban, shigarsa daban. Kainji kuwa ya wuce kogin nan namu nesa ba kusa ba. Tafki ne da aka samu bayan an gama gina madatsar a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 100, ya kuma haɗiye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, har da tsohon garin Bussa inda Mungo Park ya halaka a 1806. Itatuwan da ruwan ya rufe ba duka suka ruɓe ba. Kututturansu suna nan ƙarƙashin ruwa, wanda ya san hanya yakan kauce musu da rana, da dare kuwa ba mai ganinsu.

Bari mu duba yadda haɗurran suke faruwa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra a Jihar Kebbi ya tarwatse a tsakiyar ruwa. An cika shi da mutane fiye da ƙima, har da babura, aka nemi mutane sama da 100 aka rasa. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara kuma wani ya kife da yamma a madatsar Watari, tsakanin Badau da Bagwai a Jihar Kano, aka rasa rayuka aƙalla 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka nutse a Kogin Kwara kusa da Patigi, suna dawowa daga biki cikin dare. A Oktoban 2024 aka sake yin haka a Gbajibo ta ƙasar Mokwa, shi ma da dare.

Ku lura da waɗanda abin yakan faɗa wa. 'Yan kasuwa ne, da 'yan biki, da masu zuwa taro, watau jama'a masu yawa waɗanda kowa yake son ya isa a lokaci guda, ba kuwa wanda ya shirya kwana a gaɓa. Idan rana ta yi sanyi, mai jirgi ya ce wannan ne sawun ƙarshe, wa zai tsaya? To, ayarin ɗalibai irin naku haka yake ba bambanci: mutum 40 ko 50, kuɗi ƙididdigagge, direban mota yana jira a tsallake yana ta matsawa, jibi kuma ana komawa makaranta. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da ƙima, ta wajabta sa rigar ceto. Dokar tana nan a rubuce. Amma a yawancin gaɓoɓi ba za ku tarar da jami'in da zai tsare ku ba, saboda haka shugaban ayarinku shi ne jami'in.

A nan ne labarin ƙasar Girka zai amfane mu, domin ƙasa ce mai tsibirai sama da 200 da mutane ke zaune a kai, miliyoyin baƙi kuma suna zuwa hutu can kowace shekara a cikin jiragen fito. Su ma sun sha wuya kafin su koya. A Disamban 1966 jirgin Heraklion ya nutse cikin guguwa tsakanin tsibirin Kirit da tashar Piraeus, mutane fiye da 200 suka mutu. Bayan haka ne aka ba hukumomin tashoshi ikon hana jirage tashi idan iska ta yi ƙarfi, ko kyaftin ya so ko bai so ba. Akwai iskar arewa da suke kira meltemi, wadda takan taso a tsakiyar lokacin zafi, daidai sa'ad da baƙi suka fi yawa, takan kuma sa a soke tafiya. Shi ya sa gogaggen matafiyi ba ya barin tsibiri a ranar da jirginsa na sama zai tashi daga Atina; yakan dawo da kwana guda a hannu. Duk da haka doka ba ta maganin sakaci. A Satumban 2000 jirgin Express Samina ya daki duwatsu da dare a bakin tsibirin Paros, yawancin ƙofofin da ke tare ruwa a cikinsa suna buɗe, mutane fiye da 80 suka mutu. Girman jirgi da farin fenti ba su ne shaidar lafiyarsa ba.

To, ga abin da nake ba ku shawara. Ku ƙara kuɗin kwana ɗaya a kan abin da kowa zai biya, a damƙa wa ma'aji, kada a taɓa shi sai iska ko dare ya tsare ku. Ku yi shatar jirginku tun kafin ku je, ku yi ciniki a kan sawu biyu ko uku, ba a kan kawuna ba, domin mai jirgin da ake biya bisa kai ba ya ganin jirginsa ya cika. Kowane fito ya zama da hantsi. Da la'asar kowa ya kasance a tudu, musamman a farkon damina, lokacin da hadari yakan haɗu cikin 'yan mintoci ya zo da iska kafin ruwa.

Rigar ceto kuwa ku tafi da taku daga Kaduna, kada ku dogara za ku samu a can. A ɗaure ta kafin a shiga, ba a riƙe a hannu ba, ba kuma a zauna a kanta ba. Na san akwai samari a nan da za su ce sun iya iyo. Iyo a rafi da gajeren wando bai yi kama da iyo da tufafi a tsakiyar tafki ba, ga kuma mutum uku sun riƙe maka wuya. Kafin ku shiga ku dubi gefen jirgin: idan da kaya da mutane ruwa ya kusa bakin katako, ku sauko. Ku dubi cikinsa: idan akwai yaron da aikinsa kwarfar ruwa ne tun ba a tashi ba, ku tambayi dalili. Ku tabbata akwai filafili ko da inji ya mutu. In an tashi kowa ya zauna, ban da miƙewa ɗaukar hoto, ban da ruguntsumawa gefe guda don an hango dorina. Dorinar ma ba abar kusanta ba ce, takan kifar da kwalekwale.

Wanka a bakin tafki ku haƙura da shi. Ruwan da ke kwance yakan ɗauki ƙwayar tsargiya, wadda ke fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta shiga ta fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan makonni ya je asibiti ya faɗi inda ya je. Maganinta praziquantel, yana kuwa aiki.

Sai batun hanya. Ta Birnin Gwari da Tegina da Kontagora ta fi kusa, amma ta sha fama da 'yan fashin daji shekaru da dama. Ku tambayi direbobi a tasha a cikin makon tafiyar, ba wata guda kafin nan ba, in ta kama ku zaga ta Minna ku zaga. Da kun sauka ku kai gaisuwa ga sarkin ruwa na gaɓar, shi ya san jirgin da ke da lafiya da mai tuƙin da ke da natsuwa.

A rubuta sunan kowa da lambar wayar wani nasa a takarda biyu, ɗaya ta tafi da ayari cikin leda, ɗaya ta zauna a nan Kamazou wurin wanda ya san ranar da ya kamata ku dawo. Lambar kiran gaggawa 112 ce, a nan da Girka duka, ko da yake a kan tafkin waya takan rasa sabis. A ƙirga ku kafin shiga, a sake ƙirgawa bayan fita, a kowane sawu.